Abin da Ya Huda Kaftanin Malam Mansir

Shekara goma sha bakwai Mama Liatu ta yi tana kula da ɗakin gwaje-gwaje na wata sakandare mai zaman kanta da ke hanyar Tirwun. Ita ke riƙe da makullin kabad ɗin sinadarai, ita ke wanke kofunan gilashi, ita ke shirya wa ɗalibai kayan gwaji. Malaman kemistiri shida ta ga zuwansu da tafiyarsu. Na bakwai shi ne Malam Mansir, wanda ya zo da digiri biyu da kaftanai na shadda masu sheƙi, kowace rana da kalarta.

A satinsa na farko ta miƙa masa farar rigar lab da tabarau na kare ido da safar hannu. Ya ɗaga rigar ya duba ta gaba da baya, sannan ya rataye ta a ƙusar bayan ƙofa.

"Mama, wannan ai ta 'yan koyo ce. Ni hannuna ba ya rawa."

"To Malam," in ji ta. "Ƙusar ma tana son sutura."

Ba wai bai san aikinsa ba ne. Mama Liatu da kanta ta shaida cewa a cikin bakwai ɗin babu wanda ya kai shi iya bayani. Ran da aka fara fito da babbar kwalbar salfiyurik asid, ya tsaya ya gaya wa ɗalibai cewa shi ne wanda ake sirkawa a zuba a batirin mota, har ake ce masa ruwan batir. Ya nuna musu yadda yake da kauri kamar mai, ba kala, ba wari, ga nauyi ya kusa ninka na ruwa. Ya ce ƙishirwa gare shi, duk inda ya samu ruwa sai ya zuƙe, ko a takarda ne, ko a tufa, ko a fatar mutum. Ya ja musu kunne cewa asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, ana juyawa. Wanda ya zuba ruwa cikin asid, ruwan zai tafasa nan take ya fantsamo masa a fuska. Duk wannan ya faɗa daidai, yana sanye da shadda ruwan madara da buɗaɗɗen takalmi.

Da jarrabawar kammala sakandare ta matso, sai gwaji ya koma sau uku a sati. Malam Mansir yakan sirka asid cikin babban mazubi, yana juyawa da sauri yana surutu. Yakan jingina cikinsa da bakin teburin da ɗalibai suka jiƙe. Idan yatsunsa suka yi danshi, sai ya goge a gefen kaftani. Sau ɗaya Mama Liatu ta yi masa magana.

"Malam, abin nan ba ranar da ya taɓa ka yake nuna aikinsa ba."

"Sirkakke ne, Mama. Ba abin da zai yi."

Daga nan ta zuba masa ido. Ta dai lura da kalar kaftanan da yake goge hannu a jikinsu a cikin sati.

A gidansa da ke Gwallaga, matarsa Habibatu tela ce, tana ɗinka kayan mata a ɗakin zaure. Ta san yadi, kuma ba ta yarda kowa ya yi wa mijinta wanki da guga ba sai ita. Wata Asabar tana gugar shuɗin kaftani, dutsen guga ya bi ta kan ciki, sai ga ɗigo-ɗigo sun fito ruwan ƙasa. Ta sa farce ta kankara, wurin ya zube kamar toka. Huji biyar ta ƙirga, kowanne da zagayen ƙuna, kowanne daidai girman bakin sigari. Ta ɗauko mai ruwan madarar, shi ma haka. Ta ɗauko mai ruwan toka, har da hannun riga.

Mansir ya sha taba lokacin yana jami'a. Habibatu kuwa tari ne ya yi ajalin mahaifinta bayan shekara talatin yana sha, don haka kafin a ɗaura aure ta ce ya zaɓa, ko ita ko tabar. Ya zaɓe ta. Shekara shida ke nan ba ta taɓa jin warinta a jikinsa ba. Ranar sai ta zazzage aljifan kayansa, ta samu kwalin ashana a ɗaya, alewar minti huɗu a ɗayan.

Ta jera su a kan tabarma, kaftani uku da ashana da minti, ta jira ya gama cin abinci.

"Abban Fatu, yaushe ka koma?"

"Na koma ina?"

Ta nuna masa tabarmar. Ya ɗauki shuɗin ya ɗaga a haske, ya ga tsakar gida ta cikin hujin. Nan take ya gane abin da ya faru, kuma ya gane wa ta riga ta faɗa masa.

"Asid ne," ya ce. "Na wurin aiki."

"Asid ya ci riga ya bar cikin da ke cikinta?"

"Sirkakke ne. Sai ya bushe, zafin guga ya taɓa shi, sannan ya ci."

"Wato yana da haƙuri. Ya jira ni."

"Haka yake, Maman Fatu. Ashanar kuma ta kunna wutar gwaji ce. Mintin saboda alli, yana shaƙe min maƙogwaro."

"Kowanne da amsarsa a shirye," ta ce, ta naɗe kayanta.

Kwana huɗu ana gaisuwa a gidan kamar ta maƙwabta. Ranar Alhamis ta kai 'yarsu Fatu makarantar reno, ta cusa kaftanan cikin jakar leda, ta tare keke zuwa hanyar Tirwun. Maigadi ya nuna mata ɗakin gwaje-gwaje. Mansir yana aji a lokacin. Ta iske Mama Liatu ita kaɗai tana jera kofuna a kan tawul.

Bayan sun gaisa, Habibatu ta faɗi ko ita wace ce, ta buɗe ledar ta shimfiɗa shuɗin kaftanin a kan tebur. Mama Liatu ta kalli hujin, ta kalli fuskar matar. Ta jawo mata kujera.

"Mama, ke uwa ce, don Allah ki gaya min gaskiya. Yana kunna ashana a nan?"

"Kullum, 'yata. Wata rana har sau huɗu."

"Hayaƙi fa?"

"Yana tashi. Shi ya sa kika ga tagogina a buɗe."

"Kin taɓa yi masa magana?"

"Na yi. Ya ce ba abin da zai yi masa."

"Tun yaushe ya fara?"

"Tun satin da ya zo. Har ɗalibai yake koya wa."

Habibatu ta dafe ƙirji ta yi salati. Daidai nan aka kaɗa ƙararrawar hutun tara, Mansir ya shigo da alli a hannu. Ya ga matarsa, ya ga kaftaninsa a shimfiɗe, ya ga Mama Liatu tana goge wani kofi da ya riga ya bushe.

"Har yaran mutane, Abban Fatu?"

"Yaran mutane me? Mama, me kika gaya mata?"

"Abin da ta tambaya na amsa, Malam. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Don Allah Mama ki yi mata bayani. Kin san asid ne."

"Wane asid? Sirkakken nan da ba ya yin komai?"

Mansir ya ajiye allin. Ya dubi ƙofa ko akwai mai ji, sannan ya rage murya. "Yana yi."

"Kunnena ya tsufa, Malam."

"Na ce yana yi, Mama. Ke ce da gaskiya."

Sai a lokacin Mama Liatu ta saki dariyar da take ta dannewa, har ta dafa tebur. Ta ba Habibatu haƙuri, ta ce ashanar ta wutar gwaji ce, hayaƙin na sinadarai ne, abin da yake koya wa yara kuma kemistiri ne. Habibatu ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ba a yi mata wasa da hankali, kuma baki biyu za su iya haɗuwa a kan magana ɗaya.

"To bari idonki ya gani," in ji Mama Liatu.

Ta sa tabarau da safar hannu, ta ba Habibatu wani tabarau ta ɗora a kan hijabinta. Ta yanko ƙyalle daga gindin kaftanin, inda bai huje ba, ta ɗiga masa sirkakken asid ɗigo uku. Habibatu ta leƙa. Kamar ruwa, ba abin da ya canza. Mama Liatu ta karɓi ashana daga aljihun Mansir ta kunna wutar gas, ta riƙe ƙyallen da awartaki can sama da harshen wutar, yadda zafi kaɗai zai same shi. Ƙyallen ya bushe. Sannan wurare uku suka fara yin ruwan ƙasa, saura yadin yana nan shuɗi fes. Ta sa tsinke ta taɓa, wuraren suka zube. Habibatu ta jawo kaftanin ta gwada huji da huji.

"Iri ɗaya ne," ta ce a hankali.

"Ruwan ne ya tafi, asid ɗin ya zauna," in ji Mansir, muryarsa ta fara dawowa. "Yana bushewa yana ƙara ƙarfi. Ai na gaya miki."

"Wannan sirkakken ke nan," Habibatu ta ce wa Mama Liatu, kamar ba shi ya yi magana ba. "Wanda ba a sirka ba fa?"

Mama Liatu ta buɗe kabad. Ta zuba sukari daga gwangwanin shayinta cikin kofin gilashi, ta ɗan yayyafa masa ruwa, ta ajiye shi cikin tire a bakin taga. Za ta ɗauko babbar kwalbar ke nan Mansir ya riga ta. An kunyata shi a gaban matarsa, yana son ta ga akwai abin da ya iya.

"Bari ni, Mama. Wannan gwajin na yi shi ya fi sau hamsin."

"Hannu biyu, Malam, ɗaya a ƙasan kwalbar. Ga safa. Ga tabarau."

Tabarau dai ya sa, saboda Habibatu na kallonsa. Safar ya ce za ta sa kwalbar ta zame. Ya zuba asid a kan sukarin. Farin sukari ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ruwan ƙasa, ya yi baƙi ƙirin. Sai ya fara tururi, wani baƙin abu mai kama da gawayi ya kumbura ya taso daga cikin kofin, yana ta hawa har ya wuce bakinsa da kusan taƙi guda. Warin ƙonannen sukari da wani abu mai shaƙe hanci ya bugo, Mama Liatu ta ja Habibatu baya.

"Kin gani?" in ji Mansir, ya juyo da kwalbar a hannu bai ko rufe ta ba. "Ya zuƙe ruwan da ke jikin sukarin, ya bar gawayi zalla. Abin da ke faruwa shi ne..."

Bai lura da ɗigon da ya gangaro ta wuyan kwalbar ba. Ya bi gefenta, ya taru a gindi, ya faɗo a kan bayan ƙafarsa, tsakanin igiyoyin takalmi. Wani ɗigon ya biyo shi ya sauka a siminti. Mansir ya ƙara kalma biyu ko uku, sannan fuskarsa ta canza.

"Ajiye kwalbar tukuna," in ji Mama Liatu, ba ta ɗaga murya ba. "A kan tebur. Yawwa. Kar ka goge da hannu. Cire takalmin. Waje."

Famfon ɗakin ya yi zangon karatu biyu ba ya kawo ruwa, shi ya sa Mama Liatu take ajiye cikakken duro a bakin ƙofa. Ta tsayar da shi a gefen kwata, ta naɗe masa ƙafar wando har gwiwa, ta fara kwarara ruwa da babban kofin roba. Wurin ya yi fari, gefensa ya yi ja. Mansir yana jan iska ta tsakanin haƙora.

"A samo manja," in ji Habibatu. "Ko ɗanyen ƙwai. Ina da man shafawa a jaka."

"Ba ko ɗaya. Ruwa kawai, mai yawa, ba tsayawa."

"Mama, ɗauko sodar da ke kabad," in ji Mansir. "Za ta kashe shi."

"Ta kashe shi a kan fatarka, su yi faɗa su ƙara maka zafi? Soda ta siminti ce. Karɓi kofin nan, 'yata. Minti ashirin, kar ki bari ya motsa."

Ta koma ciki ta rufe kwalbar, ta goge jikinta, ta mayar da ita kabad ta kulle. Ta zuba yashi da garin soda irin na masu burodi a kan ɗigon da ke ƙasa, ya yi ta kumfa. Da ta fito, ɗaliban aji shida sun riga sun kewaye wurin, wasu da ƙosai a hannu. Ga malaminsu tsaye da ƙafa ɗaya a bakin kwata, wando a naɗe, tabarau a fuska, wata mata mai hijabi da tabarau tana yi masa wankan ƙafa. 'Yan matan suna toshe baki da gefen hijabi. Mansir ya sunkuyar da kai.

"Ku matso," in ji Mama Liatu. "Malam ne ya shirya muku wannan. Ya ce karatun allo ba ya shiga kanku, gara ku gani da ido. Malam, ga su nan, bismilla."

Mansir ya ɗago ya kalle ta. Ta duba agogonta kamar ba ruwanta. Ya gyara murya.

"To," ya ce. "Wa zai gaya min kuskure na farko da aka yi a nan?"

Wata yarinya mai suna Agnes ta ɗaga hannu. "Takalmin, Malam."

"Daidai. Ba a shiga lab da buɗaɗɗen takalmi. Na biyu?"

"Ba ka sa farar riga ba."

"Ba a sa ba," ya gyara mata. "Na uku?"

Suka yi ta kawowa, har da waɗanda bai yi ba. Ya amsa su duka. Ya bayyana musu dalilin da ya sa ruwa kaɗan ba ya isa: asid ɗin yana yin zafi idan ya haɗu da ruwa, don haka sai an kwarara da yawa ya wanke shi ya tafi da zafin. Ya ce idan a tufa ya zuba, a cire tufar nan take, kunya ba ta cikin lissafi. Idan a ido ne, a buɗe idon da yatsa a yi ta zuba ruwa har a kai mutum asibiti. Wanda ya sha kuma kar a sa shi amai, don zai sake ƙona hanyar da ya bi. Ko tari babu wanda ya yi. Wasu har sun ajiye ƙosai sun fito da biro.

Habibatu tana zuba ruwa tana magana ƙasa-ƙasa, yadda shi kaɗai zai ji.

"Da a ido ne fa, Abban Fatu?"

"Na sa tabarau."

"Don ina tsaye. Jiya ka sa?"

Ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Ni ina can ina zargin ka da abin da zai kashe ka a shekara talatin. Ashe kana nan kana wasa da na minti ɗaya."

"Mama, lokaci bai cika ba?" ya tambaya.

"Saura minti biyar."

Bayan wani lokaci ya sake tambaya.

"Saura minti biyar, Malam."

"Ɗazu ma haka kika ce."

"Ƙarin ba ya cutarwa. Kuma matarka ba ta gama magana ba."

Sai da duron ya kusa ƙarewa ta ce ya isa. Ta rufe wurin da bandeji mai tsabta, sako-sako, ta rubuta sunan asid ɗin a takarda ta ba Habibatu ta nuna a asibiti. Maigadi ya tsayar musu da keke. Mansir ya shiga da takalmi ɗaya. Habibatu ta riƙe hannun Mama Liatu ta yi mata godiya, ta ce amma ba ta yafe mata maganar koya wa ɗalibai ba tukuna, don zuciyarta ta kusa tsayawa. Mama Liatu ta ce ta zo ranar Asabar ta auna ta, akwai atamfar da take son ɗinkawa ta bikin coci, sai su ƙarasa faɗan a can.

Tana cikin kwashe yashin ne Mista Pius, mai makarantar, ya shigo. Labari ya same shi a ofis. Ya tambayi yadda ƙafar take, ta gaya masa. Idonsa ya kai kan baƙin abin da ya tsiro daga kofi a bakin taga, ya miƙa hannu zai taɓa. Ta tare shi da tsintsiya.

"Oga, jiƙe yake da asid. Kuma ruwan durona ya ƙare a kan mutum ɗaya."

Ya janye hannun ya sa a aljihu. Ta ce masa gobe akwai gwaji na ɗalibai arba'in, kuma ita ba za ta buɗe kabad ba sai ta ga ruwa yana zuba a famfon nan. Ya ce za a duba. Ta ce ai ga shi ga famfon, ya duba yanzu. A nan tsaye ya kira Olu mai gyaran famfo a waya, kafin la'asar an tono bututun da ya toshe.

A asibiti an wanke wurin an sa magani, ma'aikaciyar jinyar ta ce yawan ruwan da aka zuba ne ya hana ƙunar yin zurfi. Ƙafar ta warke cikin sati biyu, ta bar tabo kamar ƙwayar wake. Bayan jarrabawa, 'yan aji biyar suka aiko wakilai wurin Malam Mansir. Sun ji labarin darasin da ya shirya wa 'yan aji shida a bakin kwata, suna roƙon a yi musu irinsa idan sun shiga. Ya ce musu an cire shi daga manhaja.